Langar Barira

Madarumfa, tsakiyar damina

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Inna Ɗelu tana gaishe da ɗanta, ƙafar tata ta yi sauƙi. Gero ya fara fitar da kai. Tabki ya cika har ya shanye gindin itatuwan da kake ɗaure jirgi. Da safe in na leƙa ta saman danga sai in ga kamar kai ne ke tahowa da gora a kafaɗa, sai mutum ya matso in ga wani ne.

Direba Ɗan Azumi ya ce inda kuke haƙar zinariya babu rezon waya sai an hau dutse, shi ya sa na koma takarda. Ban ji haushi ba. Ka san ni da rubutu. A littattafan da nake karantawa kowace mace sai ta rubuta wa mijinta wasiƙa, ga shi nawa lokacin ya zo.

To ga maganar. Da izinin Inna na je Maraɗi wurin Ummulkhairi, ɗiyar Gwaggo, wadda ta zama lauya. Yanzu Metir ake ce mata. Na zauna a biro ɗinta, wato ofishinta, na ba ta labari tun daga tushe, don abin da ta ji guntu-guntu ne. Na gaya mata yadda iskar ƙarshen daminar bara ta ja tarun maƙwabcinmu Ɗan Baba ta cusa shi cikin itatuwan ruwa, ka shiga ka kwance shi, ka kawo ka shanya a dangarmu ta bakin hanya inda kowa zai gani, kamar yadda masunta ke yi tun kakanni in sun tsinci kayan ɗan'uwa. Na gaya mata ka aike ni gidansa na shaida wa matarsa Barira. Na gaya mata bai zo ya ɗauka ba, sai ya tafi wurin jandarmomi ya ce sata ka yi. Da aka zo tafiya da kai, da tarun a kafaɗarka, hanya ta bi ta kasuwar kifi, shi yana biye yana nuna ka da yatsa yana faɗin abin da ya faɗa. Sanyi gaba ɗaya kana gidan kaso, ruwa ya ja baya, shi kuma ya dasa albasa a lakar bakin tabki da mahaifinka ya bar maka. Sai da zafi ya shigo alƙali ya sallame ka, ba ka daɗe ba ka ɗauki jaka.

Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Zulai, ba duk wanda ya kai ƙara ya faɗi ne mai laifi ba, mutum yana iya kuskure da zuciya ɗaya. Amma wanda ya kai ƙara alhali ya san ƙarya yake, don kawai ya cuci wani, doka ba ta ƙyale shi ba. Ƙazafi ya yi, ya ari hannun hukuma ya yi shi." Ta ce kana da haƙƙin mayar masa da ƙara. Kotu tana iya hukunta shi, ta kuma sa ya biya ka diyyar zaman kaso, da noman da ka rasa, da sunan da ya ɓata. Sai dai ni ba zan iya shigar da ita ba. Kai aka cuta, hannunka ake so a takarda, kuma abin yana da wa'adi, ba a barinsa ya tsufa.

Tun a mota ina dawowa na gama shari'ar a kaina. Na gan ka cikin farar shaddarka ta salla, Ɗan Baba yana rawar murya, alƙali ya buga tebur, mata suna guɗa a waje. Har na wuce inda zan sauka, sai da yaron mota ya buga ƙofa.

Maigida, da Faransanci aka wanke ka, a cikin ɗaki, mutum nawa suka ji? Ɓatawar kuwa da Hausa aka yi ta, a tsakiyar kasuwa. Kuma ka sani, in ruwa ya sake ja ya sake dasawa, bana mutane za su fara cewa lakar Ɗan Baba. Ka dawo kafin ruwa ya ja.

Matarka mai jiranka,
Zulai

*

Madarumfa, ƙarshen damina

Maigidana,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, fata kawai, don ban san komai ba. Ɗan Azumi ya je ya dawo, na tare shi a tasha tun bai kashe mota ba. Ya ce ya ba ka takarda hannu da hannu, ka karanta, ka ninke, ka sa a aljihu. Na tambaye shi ko ka rame, ya ce kowa a can ramamme ne. Na tambaye shi ko ka yi murmushi da kana karantawa, ya ce, "Zulai, ni direba ne, ba mai duba ba." Inna lafiyarta ƙalau. Ni ce dai na kasa zama wuri ɗaya. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in buɗe littafi in ta maimaita shafi ɗaya.

Na koma wurin Metir, kuma abin bai zo da sauƙin da na zana maka ba. Ta nemo hukuncin da aka yi maka ta karanta mini da Hausa. Ashe alƙali bai ce ba ka yi sata ba. Cewa ya yi akwai shakka, kuma ba a ɗaure mutum a kan shakka. Ta ce wannan ya isa ya buɗe maka ƙofar kaso, amma bai isa ya kama Ɗan Baba ba. Zai ce ya ga tarunsa a gidan wani, ransa ya ɓaci, ya kai ƙara kamar kowa. Ya ma riga ya rantse cewa babu saƙon da ya iso masa. Sai mun nuna ya sani tun kafin ya taka zuwa wurin jandarmomi. Albasar da ya dasa a wurinka tana nuna abin da yake kwaɗayi, in ji ta, amma ba ta nuna ya sani ba.

Na ce ai ni na kai saƙon da ƙafata. Ta ce, "Ke matarsa ce. Za a ji ki, amma da kunne ɗaya."

Sai na tuna da kifin. Ka tuna? Da yammar ranar da ka tsamo tarun, Barira ta shigo da langa cike da soyayyar karfasa, ta ce maigidanta ya ce a gode. Kai ka cinye kawunan kana cewa yajin ya yi yawa. Langar tana ƙarƙashin gadona har yau, da ɗigo uku na jan farce a gindinta, shaidar da Barira ke yi wa kwanoninta. Ban mayar ba. Ba a mayar da kwano wayam, ni kuwa bayan abin da ya faru hannuna ya ƙi dafa wa gidan nan komai. Na faɗa wa Metir ina ganin na gama shari'a. Ta yi dariya ta ce langa ba ta magana, sai mai ita ta yi.

To ka ga inda na tsaya. Tun ina amarya Barira ce ke fara zuwa in zan karanta wa mata littafi bayan azahar. Ta zauna kusa da ni tana tsinkar zogale, tana zagin mugun cikin labari kamar yana jin ta. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta manta sunan kowa. Muna tsakiyar wani littafi aka tafi da kai. Tun ranar ba ta sake shigowa ba, sauran matan ma suka janye ɗaya bayan ɗaya. Rannan mun haɗu a famfo, ta sunkuyar da kai, da za ta wuce ta ce a hankali, "Yarinyar nan ta cikin littafi, ta samu mijinta kuwa?" Na ce ban ƙarasa ba. Kuma gaskiya ne, ban ƙarasa ba.

In na sa aka kira ta kotu, ko ta yi rantsuwar ƙarya ko ta kashe aurenta, ga 'ya'ya ƙanana. In na ƙyale ta, kai kana can. Ka gaya mini abin da zan yi. Ka rubuto ko da layi ɗaya ne.

Taka,
Zulai

*

Tabarkat

Zulai,

Salamu alaikum. Ina lafiya. Ki gaida Inna, ki ce ta daina ɗaukar tulu. Takardarki mai maganar Metir ta zo tuni. Na daɗe ban amsa ba don ban san abin da zan ce ba, kuma rubutu ba aikina ba ne.

Nan babu ruwa sai na tanki. Babu itace, babu tsuntsu. Mutum ya wuni a rami. Wani lokaci in rufe ido in ji warin laka. Amma a nan sunana Rabi'u kawai. Ba wanda ke jan kayansa in na zauna kusa da shi. Ke ba ki gani ba. Da aka sallame ni na je bakin ruwa, mutanen da muka tashi tare suna yi mini sannu da zuwa suna naɗe ragarsu. Wannan ya fi kason ciwo.

Maganar kotu ki bar ta. Na ga kotu. Ba a buga tebur, ba a guɗa. Ana kiran sunanka a ce ka dawo wata mai zuwa. Ba zan sake tsayawa ana fassara mini rayuwata ba. Na bar shi da Allah.

Na san zaman yana yi miki nauyi. In kin gaji, ki je garinku Sarkin Yamma ki zauna wurin su Baba. Ba zan ga laifinki ba.

Mijinki,
Rabi'u

*

Madarumfa, lokacin kaka

Maigida,

Gaisuwa. Inna lafiya. An yanke gero, Allah ya sa albarka. Ni ma da sauran numfashi.

Takardarka ta zo. Daga maganarka na gane ta biyun da na aiko ba ta kai gare ka ba lokacin da ka rubuta. Na karanta layin ƙarshe har takardar ta fara yagewa a ninki. In je gida, ba za ka ga laifina ba. Na san irin wannan magana. Haka maza masu kunya suke sallamar mace in ba su son furta kalmar. Ban nuna wa Inna ba. Na shiga ɗaki na fara haɗa kaya ina kuka, na ɗaure littattafaina a zane, na jawo akwati daga ƙarƙashin gado, sai langar Barira ta biyo shi tana ƙara a ƙasa.

Na zauna ina kallonta. Na ce ko korata aka yi, ba za a ce na bar garin nan da kwanon wata ba. Na tashi na yi dambun zogale, na sa ƙuli da mai sosai, na cika ta na rufe.

Ba zan ɓoye maka ba, na san lokacin da maza ke zama a ƙofar Ɗan Baba. Ina iya bari sai sun tashi salla. Ban bari ba. Bayan la'asar na tafi, na iske su a gindin dogon yaro suna gyaran raga, har da Baba Ilyasu Sarkin Ruwa. Na durƙusa na gaishe su.

Ɗan Baba ya ce, "Ke kuma mi ya kawo ki gidan ga?"

Na ce, "Langa na maido."

Baba Ilyasu ya ce, "Ɗiyata, langa ce har da wannan durƙuso? Ta wa?"

Na ce, "Ta Barira ce, Baba. Ta kawo muna soyayyen kifi na godiya ran da maigidana ya tsamo taru. Na daɗe ban maido ba, a yi mini haƙuri."

Zare ya tsaya a hannun kowa. Ɗan Baba ya yi wata irin dariya, ya ce irin wannan langa ta cika kasuwar Jibiya, ko mahaukaciya tana da ita. Baba Ilyasu ya miƙo hannu, na ba shi. Ya ɗaga ta sama a hankali kada dambun ya zube, ya leƙa gindinta, ya ce, "Ga shaida nan, ɗigo uku. Mace ba ta ɓatan kwanonta. A tambayi matar gidan."

Ɗan Baba ya ce, "Matata ba ta magana da maza."

Sai muka ji murya daga cikin zaure. Ashe Barira tana tsaye bayan asabari tun sallamata. Ta ce, "Tawa ce."

Ya ce, "Barira, koma ciki!"

Ta ce, "Tawa ce, Malam. Kai ka zaɓi kifin da hannunka, manya-manyan, ka ce in soya in kai in ce an gode. Tun bara nike tuƙa tuwo da maganar ga a wuyana. Na gaji."

Baba Ilyasu ya ajiye langar a gaban Ɗan Baba, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Na tsufa a bakin ruwan ga, ban taɓa ganin an soya ma ɓarawo kifi ba." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Sauran suka bi shi, wani ma bai tsaya naɗe ragarsa ba.

A littafi nan ne ake rufe babi, mai karatu ya yi ajiyar zuciya. Ni da na dawo gida amai na yi. Ban san abin da ke faruwa a gidan can ba, shiru kawai nake ji ta saman danga, ko kukan yaro babu. Kayana suna ɗaure. Ban tafi ba, ban kwance ba. In korata ka yi, ka rubuta da kalmar da kowa ya sani.

Zulai

*

Tabarkat

Zulai,

Salamu alaikum. Ina lafiya sai ɗan tari. Takardarki mai maganar langa yau ta iso, motar ta lalace a hanya ta daɗe. Ina rubutu da sauri don mai komawa yana ɗaure kaya.

Na tuna kifin. Ban manta da shi ba ko ranar da na tsaya gaban alƙali. Na ce na aika gidan Ɗan Baba, ban kama sunan kowa ba, kuma da sani na yi. Da na faɗi kifin da an kira Barira. Ba ita ta cuce ni ba. Ba ta da kowa sai tsohuwa guda a Safo. Na zauna a kaso na yi shiru a kanta, ke ma ki yi. Ki bar langar inda take. Kada ki je gidan.

Rabi'u

*

Madarumfa, farkon sanyi

Maigidana,

Assalamu alaikum. Yaya tarin? Ka riƙa ɗaure hanci da rawani in za ka shiga rami. Inna lafiya, ta ce in sa maka kanwa da citta a cikin saƙon nan.

Takardarka mai cewa kada in je ta iske ni na riga na je. Sun yi saɓani a hanya da tawa. Na karanta a tsaye, na zauna a ƙasa. Kai ka sha sanyin kaso don ka rufa mata asiri, ni na tone shi da langar dambu kafin magariba. Ban sani ba, Maigida. Ba ka taɓa gaya mini ba.

Washegarin abin, na ga amalanken jaki a ƙofarsu. Barira ce a kai da ƙullin kayanta da ƙaramar a goye. Ɗan Baba bai sake ta ba, ya dai ce ta je Safo sai ya neme ta. Na fito da gudu ko mayafi babu. Ta dube ni ta ce, "Kar ki yi kuka, ba ke kika buɗe bakina ba." Jakin ya ja. Tun ranar duk amalanken da ya wuce sai na leƙa.

Na je na gaya wa Metir. Ta fara da faɗa, ta ce wa ya aike ni. Daga baya ta ce yanzu magana ta canza, don maza sun ji da kunnensu kuma Baba Ilyasu ya ce zai tsaya gaban kowane alƙali. Ta rubuta ƙarar, sa hannunka kawai ya rage. Labari ya kai wa Ɗan Baba, ban san ta ina ba, kodayake na faɗa a famfo da ɗan ƙarfi. Sai ga dattawa da goro wurin Inna suna neman sulhu. Inna ta ce ba ita ta kwana a kaso ba, su jira mai abin.

Metir ta ce in gaya maka duka biyun ba tare da ado ba. In ka je kotu kana da ƙarfi, amma za a daɗe, kuma wataƙila sai Barira ta tsaya ta maimaita maganarta a kan mijinta, wannan karon da rantsuwa. In ka zaɓi sulhu, ka yi shi da ƙarar a hannu, don tsoronta ne ya kawo goron, ba nadama ba. Ta ce diyya haƙƙinka ce, ba roƙo ba ce, kada kunya ta sa ka raina ta.

Ruwa ya fara ja. Lakar mahaifinka ta fito baƙa wuluk, tsuntsaye suna yawo a kai. Baba Ilyasu ya hana kowa sa mata hannu sai ka zo. Amma laka ba ta jin maganar Sarkin Ruwa, gefen sama ya fara tsagewa. Kowace safiya sai na je na danna ta da ɗan yatsa.

Har yanzu ba ka amsa mini maganar kayana ba.

Matarka, in har yanzu ni ce,
Zulai

*

Agadas

Zulai,

Salamu alaikum. Tarin ya tafi. Takardunki biyu sun same ni tare. Na sayar da shebur da fitila, na sauko Agadas, ina jiran mota mai zuwa Maraɗi. Wannan za ta riga ni da kaɗan.

Ke da kike cinye littafi a wuni guda, layi ɗaya ya gagare ki. Ban kore ki ba. Tausayinki na ji. Ki kwance kayan nan kafin Inna ta gani ta ce na haukace.

Na yi fushi da na karanta maganar langa. Na kwana biyu ina fushi. Daga baya na ga shirun da na yi bai raba Barira da nauyin ba, ni na tafi na bar ta da shi. Yanzu tana Safo saboda ni. Ba zan zauna a rami ba.

Ki ce wa Metir zan sa hannu, amma ta riƙe takardar tukuna. Ki ce wa Baba Ilyasu ga abin da nake so. Ɗan Baba ya je Safo da ƙafarsa ya yi biko, ya maido matarsa ɗakinta, kuma kada in ji ya ɗaga mata murya a kan wannan. Sannan ran kasuwa ya tsaya inda ya nuna ni da yatsa ya faɗi gaskiya da Hausa. Diyyar noman bara, ya kawo irin albasar da ya raina bana ya dasa mini da hannunsa. In ya ƙi ɗaya, mu je kotu, ko za a yi ta ɗagawa har in yi furfura.

Ki ci gaba da danna lakar.

Mijinki,
Rabi'u

*

Madarumfa, tsakiyar sanyi

Zuwa ga Yaya Ummulkhairi,

Assalamu alaikum, Metir. Ina gajiya, ina aiki? Ki gaida Gwaggo. Mu nan lafiya, maigidan ya iso, ya yi baƙi ya rame, Inna tana ta ɗura masa fura.

Kin ce in rubuto miki yadda aka ƙare. An yi sulhun a zauren Baba Ilyasu, an rubuta kamar yadda kika ce, shaidu sun sa hannu. Ɗan Baba ya so a bar maganar kasuwa, ya ce zai ƙara wani abu a madadinta. Maigidan ya ce a'a, ya tashi zai fita, aka riƙo rigarsa.

Ran kasuwa na sa atamfata mai kyau na tsaya wurin masu soya kifi. Yaya, ba kamar littafi ba ne. Ba wanda ya yi kuka, ba wanda ya faɗi a ƙasa. Ɗan Baba ya tsaya yana kallon takalminsa yana gunguni. Baba Ilyasu ya ce, "Ɗaga murya. Bara har ƙetaren tabki an ji ka." Mutane suka yi dariya. Sai ya ɗaga, ya ce Rabi'u bai saci tarunsa ba, tsamo masa ya yi, kuma ya sani tun ranar, ya kai ƙara ne don laka. Wata mai tallan yaji ta ce, "To, Allah shi kyauta," aka ci gaba da ciniki. Ke nan. Na dawo gida ina jin kamar an rage mini wani abu.

Barira ta dawo. Gidan nasu ba daɗi tukuna, mijin ba ya cin abincinta sai ya huce, amma tana ɗakinta da 'ya'yanta. Jiya bayan azahar ta shigo da zogalenta ta zauna inda take zama, ta ce, "Ina muka tsaya?" Wasu matan biyu suka biyo ta. An dasa albasar, gefen sama ya riga ya bushe, an samu abin da aka samu.

Takardar ƙarar, maigidan ya ce ki ajiye ta, kada ki kai, kada ki yaga.

Abin da nake so in gaya miki shi ne na yau da safe. Na bi shi a baya da kokon kunu zuwa bakin ruwa, na iske ya tsaya nesa da masunta, hannu a aljihu, kamar baƙo. Suna zaune suna gyara. Na ga ya taka a hankali ya zauna a gefensu. Na tsaya ina kallon hannuwansu. Ba wanda ya ja kayansa. Can sai Musa, wanda suka tashi tare, ko ɗaga kai bai yi ba, ya wurgo masa bakin ragarsa ya ce, "Kai Rabi'u, riƙe mini nan, ka zauna kamar wani alhaji."

Ya riƙe. Na juya da kunun na dawo gida, don kada ya ga fuskata.

Ƙanwarki,
Zulai